Kullum Uba Ko Mai Unguwa Ake Ba Ni: Amsa Ga Wani Matashin Ɗan Wasa

Wani matashi daga Mabera ya aiko mini da tambaya, na ga ya fi kyau in amsa ta a fili don na san ba shi kaɗai abin yake damu ba. Ga abin da ya rubuto: "Baba, shekarata ta biyar ke nan ina wasan kwaikwayo a wata ƙungiya a nan Sakkwato. Tun da na fara ba a taɓa ba ni jarumi ba. Kullum uba ne, ko mai unguwa, ko ɗan sanda, ko boka, alhali ban kai shekara talatin ba. Abokaina biyu sun tafi Kano har an fara ganin fuskarsu a fosta. Akwai makoma a wannan layi ko in haƙura? Kuma me ya sa wasu dattawa suke shekara arba'in ana ganinsu, wasu kuma shekara biyar an manta da su?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Akwai makoma, kuma layin da kake kukan an ajiye ka a kai shi ne ya fi kowane layi tsawon rai a sana'ar nan. Sai dai ba na son in ba ka rabin gaskiya, saboda haka ka yi haƙuri da tsawon bayanin. Na fara hawa dandamali tun ina ɗalibi a ƙarshen shekarun 1970, na yi wasan rediyo, na yi na talabijin, daga baya na tsaya gaban kyamarar 'yan fim. Mafi yawan abin da aka ba ni a tsawon wannan lokaci irin naka ne: liman, dillali, dogari, surukin da ba ya jin rarrashi. Abin da zan faɗa maka na gan shi da idona.

A wajen aiki ba mu da suna guda ga irinmu. Wasu su ce iyayen fim, wasu su ce dattawa, wasu su ce masu taimaka wa jarumi. Ni ina kiransa mai ɗaukar hali, wato mutumin da aikinsa shi ne ya ari halin wani ya sa a jikinsa, har mai kallo ya ce wallahi na san mutumin nan, a unguwarmu yake. Jarumi yana sayar da fuskarsa da ƙuruciyarsa, kuma waɗannan kaya ne da kowace safiya suke raguwa. 'Yan matan da suke son sa bana, baɗi sun yi aure sun shiga hidimar gida, ƙannensu kuma sabuwar fuska suke nema, furodusa kuwa inda kuɗi suka nufa nan yake bi. Mai ɗaukar hali yana sayar da abin da ya tara na kallon mutane da sauraronsu, wannan kuwa kullum ƙaruwa yake yi. Ko jaruman da suka daɗe, ka duba yadda suka yi. Ali Nuhu tun ƙarshen shekarun 1990 ake ganinsa, amma ya haɗa da ba da umarni da shirya fim, ya karɓi fitowa a matsayin uba, har a 2024 aka ba shi shugabancin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Ibrahim Mandawari yana cikin 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa da suka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake ƙirgawa a matsayin farkon fim ɗin bidiyo na Hausa, shi ma daga baya uba da attajiri da basarake ya koma fitowa. Duk jarumin da Allah ya ba tsawon kwana, nan inda kake tsaye yau zai zo ya same ka, kuma zai tarar ka riga shi sanin hanya.

Ka kuma sani cewa wasan kwaikwayon Bahaushe daga ɗaukar hali ya faro. Tun kafin rediyo, ɗan kama yana tsayawa a kasuwa ya naɗa rawani ya kwaikwayi malami yana jan baƙi, amma duk karatun nasa a kan tuwo da miya yake, mutane na faɗuwa don dariya saboda sun gane muryar da ya ara. A wasan gauta ana naɗa sarki da fadawa a kwaikwayi fada, kowa da tafiyarsa da yadda yake faɗuwa gaisuwa. Yaran da suke fita tashe daga goma ga azumi, su liƙa auduga a haɓa su ɗauki sanda su ranƙwafa, tsoho suke kwaikwayo. Da wuya ka ga wanda ya fita tashe a matsayin kyakkyawan saurayi, don babu abin kwaikwayo a ciki. Ko da aka zo rubuta wasa a takarda, irin Wasan Marafa na Abubakar Tunau Mafara, wanda ɗan ƙasar nan ne, mutanen gari ne a ciki da halayensu. Jarumi mai rawa da waƙa baƙo ne, daga baya ya shigo tare da tasirin fina-finan Indiya. Kai ne a gidan gado.

Yanzu bari mu dubi waɗanda ka ce sun shekara arba'in ana ganinsu. Marigayi Usman Baba Pategi Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, ya yi aikin soja na gaske, ya kuma yi aiki a gidan rediyon Kaduna. Da ya tashi fitowa a Samanja bai je neman hali a ko'ina ba, barikin da ya zauna ya ɗauko: tsawar, Hausar bariki mai gauraye da Turanci, yadda babban kurtu yake zare ido a gaban ƙanana ya kuma ƙame a gaban hafsa. Ya kai wannan hali rediyo, ya kai shi talabijin, har ya rasu a watan Nuwamban 2023 yawancin mutane ba su san sunansa na yanka ba. Marigayi Kasimu Yero kuma wani iri ne. Shi bai tsaya a riga ɗaya ba. Ya yi Karambana da Hausa, ya fito a Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin, sannan ya yi Uncle Gaga da Turanci a Cockcrow at Dawn, wasan da NTA ta fara nunawa a 1980 don jan hankalin mutane ga noma, aka kalle shi daga Legas har Maiduguri. Mai shirya wasan, Peter Igho, a gidan talabijin na nan Sakkwato ya fara aiki, abin da yaranmu da yawa ba su sani ba. Kasimu ya rasu a Kaduna a watan Satumban 2017. A Jos an yi marigayi Karkuzu. Mu ma a nan mun ga ɗan wasa Golobo, mun ga wasan Idon Matambayi, lokacin da gida ɗaya ne mai talabijin a layi, yara su cika tsakar gidan har bakin zaure.

Wanda labarinsa ya fi dacewa da tambayarka shi ne marigayi Sadiq Daba. A wancan wasa na 1980 ya fito a Bitrus, ya ci gaba da aikinsa na gidan talabijin shekara da shekaru. Sai a 2014, bayan fiye da shekara talatin, Kunle Afolayan ya ba shi jan ragamar fim ɗin October 1 a matsayin Sufeto Danladi Waziri, kuma a 2015 ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa ta Afirka a kan wannan aiki. Furfura ta riga ta fito masa. Ba don kyan fuska aka neme shi ba, an nemi mutumin da idan ya yi shiru a gaban kyamara za a ga nauyin shekaru a idonsa. A Indiya ma, tunda mun taso da kallon fina-finansu, Amrish Puri da muke kira Mugambo ma'aikacin gwamnati ne da yake wasan dandamali da yamma. Sai da ya kusa shekara arba'in ya fara samun shiga fim, ya yi ɗaruruwa kafin rasuwarsa a 2005, yau mugu gobe uba mai taurin kai. Jarumai nawa suka yi tashe a gabansa suka shuɗe yana nan?

Abin da ya haɗa mutanen nan shi ne kowannensu ya iya sauya fage. Sana'ar ta sauya ƙasa a ƙarƙashin ƙafarmu sau da yawa: daga dandamalin makaranta zuwa rediyo, zuwa talabijin, zuwa kaset, zuwa faifan CD, zuwa YouTube. Kowane sauyi ya zubar da mutane masu yawa, domin kowane fage da irin abin da yake nema a jikin ɗan wasa.

Dandamali murya yake so da jiki. A zamaninmu babu makirfo, dole wanda yake kujerar ƙarshe ya ji ka ba tare da ka yi ihu ba, kuma daga ciki ake turo maganar, wanda ya turo ta daga maƙogwaro kafin a kai rabin wasa muryarsa ta dushe. Ba ka juya wa jama'a baya. Idan suka fashe da dariya ka dakata, ka bari ta fara sauka sannan ka jefa magana ta gaba, in ka yi gaggawa ta nutse a cikin hayaniya. Wannan lissafin dakatawa ba a koyon sa a ko'ina sai a gaban mutane masu rai, shi ya sa nake jin takaicin yaran da suka fara da kyamarar waya ba su taɓa tsayawa gaban taro ba. Rediyo kuma ya ƙwace maka komai ya bar maka murya. Akwai wata baiwar Allah da muka yi aiki tare, Allah ya jiƙanta, uwargida take fitowa. Akwai wurin da maigida yake sanar da ita zai ƙara aure. An tsara za ta yi dogon faɗa. Da aka zo ɗauka sai ta ja baya kaɗan daga makirfo, ta yi shiru kamar na ƙirga uku, ta ajiye ludayi a kan kwanon da muke amfani da shi don sauti, ƙwal, sannan ta ce, "To, Allah shi sa alheri." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Mu da muke cikin ɗakin ɗauka sai da tsigar jikinmu ta tashi. Duk matar da ta saurari wasan nan ta san abin da ke cikin wannan addu'a. A ranar na gane cewa ragewa ta fi ƙarawa wuya.

Kyamara ita ce ta fi wahalar da 'yan dandamali. Abin da ka saba yi da hannu biyu don na baya ya gani, idan ka yi shi a gabanta sai ka zama kamar mai tallan magani. Tana matsowa har ta ga motsin fatar ido. Ga shi ba a ɗaukar fim a jere: yau da safe a ɗauki sin, wato fitowar da kake kuka a kan gawar ɗanka, da la'asar a ɗauki ranar sunansa. Dole ka riƙe a kanka inda mutumin yake a kowane sin, wace hula ya sa, a wane hannu carbi yake. Sannan akwai abin da ya keɓanci wasanmu na Hausa: shekaru da yawa, a talabijin da farkon fim, ba a ba mu cikakken rubutu. Darakta zai ce, "Baba, yaron nan ya zo neman 'yarka, kai kuma ba ka so, bismilla." Sauran magana daga cikinka za ta fito. A nan ake gane wanda ya tara da wanda bai tara ba. Wanda bai zauna da dattawa ba zai yi ta maimaita "ban yarda ba, ban yarda ba". Wanda ya zauna da su ya san dattijon Bahaushe ba ya cewa a'a kai tsaye. Zai tambayi yaron ɗan gidan wa ne, ya yabi kakansa, ya yi zancen damina, ya ce za a yi shawara, yaron ya fita ya san an hana shi ba tare da an furta ba.

To ina ake tarawa? Bari in ba ka labarin wanda ya koya mini. Dattijo ne a ƙungiyarmu, tela ne, bai yi boko mai zurfi ba. An ba ni dillalin shanu a wani wasa, na yi gwaji sau biyu yana kallo bai ce komai ba. Da aka tashi ya ce, "Gobe ka biyo ni Kara." Muka je da hantsi muka zauna a gindin wata rumfa, ya saya mana goro, ya ce kada in yi magana. Muka sa ido a kan wani dillali. Na lura ba ya kallon sa idan yana yabonsa, mai saye yake kallo. Idan aka yi tayi ya ce "albarka", sai ya juya kamar zai tafi, amma ƙafarsa ɗaya ba ta ɗaga daga inda take. Yana da wata al'ada ta tura hula gaba da yatsa ɗaya idan ciniki ya kusa faɗawa, ya mayar da ita baya idan ya ɓaci. Da ya ja mai dabba gefe don ya sallama, muryarsa ta sauka har ba ma ji, hannunsa na kan kafaɗar mutumin kamar ɗan'uwansa na jini. Muna dawowa dattijon ya ce da ni, "To, mi ka gani?" Na lissafa masa. Ya ce, "Hular nan kaɗai ta ishe ka. In ka ɗauko su duka, ka zan mai kwaikwayon dillali. In ka ɗauki guda ka riƙe, ka zan dillali." Ranar wasa hular kawai na yi amfani da ita, da ƙafar nan da ba ta ɗagawa. Bayan an tashi wani mutum ya tare ni yana tambaya ko gidanmu dillalai ne.

Ka ga ke nan makarantarka a buɗe take kuma kyauta ce. Ka zauna a ƙofar mai unguwa ranar da ake sasanta rikicin gona ko na aure. Ka je kotu ka ga yadda mai gaskiya yake rawar baki, maƙaryaci kuma yana magana a tsare. Ka tsaya a tasha, ka zauna wajen mai shayi, ka lura da yadda fadawa suke tafiya a Kanwuri, wajen fadar Sarkin Musulmi, ranar Juma'a, da yadda baƙin da suka zo ziyara Hubbare, inda kabarin Shehu Ɗan Fodiyo yake, suke sassauta murya tun daga bakin ƙofa. Uban da kake fitowa ba mutum ɗaya ba ne. Akwai uban da talauci ya sa shi faɗa, akwai wanda kunyar 'yarsa ta fari take hana shi kallon ta, akwai mai tsoron matarsa yana ɓoyewa da tsawa. Idan sau ashirin aka ba ka uba, mutum ashirin aka ba ka. Matashin da ya liƙa gemun auduga ya ranƙwafa yana karkarwar murya, tashe yake yi. Tsufa a gwiwa yake, a yadda mutum yake dafa ƙasa kafin ya miƙe, da yadda ba ya gaggawar amsa magana.

Akwai maganar harshe, kuma ita ta shafe mu mu Sakkwatawa musamman. Idan ka je Kano za a ji bakinka tun daga gaisuwa, kuma akwai daraktan da zai ce ka yi ta "wanga" da "mi kaka nuhi" don a yi dariya kawai. Sakkwatanci dukiya ce, kada ka yar da ita don a ce ka waye. Harshen da aka yi wa'azi da waƙa da shari'a da shi ne a ƙasar nan, kuma alƙali ko malami ko attajirin da ya yi magana da shi a fim yana da kwarjinin da ba a samu a wani baki. Amma ka ƙi yarda a mayar da shi alamar ƙauyanci, domin in ka karɓa sau uku shi ke nan, an rufe ka a ciki. Ka kuma buɗe kunnenka ga sauran: Kananci, Katsinanci, Zazzaganci, Hausar Bafillace, Hausar Bazabarme, Hausar bariki. Mu da muke kusa da iyaka muna jin Hausar Ƙonni da ta Adar a kasuwa kullum. Mai ɗaukar halin da yake da baki biyar, aikin mutum biyar yake jiran sa.

Tarkon farko ke nan na riga na taɓo, wato hali ɗaya ya haɗiye ka. Yana da daɗi da farko, don shi ke sa a san ka. Marigayi Rabilu Musa ya bar aikin gidan yari ya shiga wasa, sunan Ibro ya rufe nasa har ya rasu a Disambar 2014, kuma da wuya mai kallo ya yarda ya gan shi a wani matsayi ba na ban dariya ba. Marigayiya Saratu Gidado, Daso, ta ƙware a fitowa muguwar uwa ko kishiya har wasu suka ɗauka haka take a gida. Ni kaina na taɓa fitowa boka a wani wasa da ya yi makonni ana nunawa, wata tsohuwa mai fura da na saba saye a wajenta ta kawar da kai ta ce ba ta sayar wa mushiriki. Sai da maƙwabcinta ya rantse mata cewa sahu ɗaya muke sallah. Abin ya yi mini ciwo a ranar, ko da yake ya nuna aikin ya shiga. Ka shirya wa irin wannan, ka kuma shirya iyalinka, musamman in ka zo neman aure. Maganinsa shi ne duk lokacin da ka yi mugu ya karɓu, ka nemi na kirki a gaba ko da kuɗinsa bai kai ba.

Tarko na biyu ya fi muni, shi ne kuɗi. A nan ba zan yi maka zaƙin baki ba. Jarumi ake yi wa ciniki, mu sau da yawa sallama ake yi mana, a ƙirga sin nawa ka yi a miƙo abin da aka ga dama. Na taɓa yin kwana uku a lokeshan a wani gari, na bar aikina da iyalina, da aka gama mai fim ɗin ya damƙa mini abin da bai wuce kuɗin mota ba ya ce sauran sai fim ya fita. Fim ya fita, ya yi kasuwa, ban sake jin ɗuriyarsa ba. A 2022 Ladin Cima, wadda muka sani da Tambaya tun zamanin wasannin talabijin, ta faɗa a hirarta da BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta a fim, maganar ta tayar da ƙura, wasu masu shirya fim suka musa, wasu suka gaskata. Ko ma yaya aka yi, duk wanda yake cikin sana'ar ya san babu fansho, babu wani kaso da yake biyo ka idan an sake nuna aikinka. Sadiq Daba da duk sunansa, da ciwo ya kwantar da shi sai da aka yi masa gidauniya kafin rasuwarsa a 2021. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ina ganin hakki ne a kan ƙungiyoyin sana'ar su tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya dattijo a yini, su kuma yi asusun jinya. Kafin a kai can, ka dubi waɗanda na lissafa maka: soja, ma'aikacin gidan talabijin, ma'aikacin gwamnati, tela. Kusan kowannensu yana da abin da yake ci da shi. Mai sana'a a hannu shi ke iya cewa a'a idan aka kawo masa rol ɗin wulaƙanci. Ka riƙe taka, kuma ka yi ciniki kafin ka hau mota, a rubuce in da hali. Kunyar yin maganar kuɗi ta cuci da yawa daga cikinmu.

Abin da zai ƙarfafa maka gwiwa shi ne zamanin nan ya juyo wajenku. Da kasuwar faifai ta mutu, aiki ya koma wasanni masu dogon zango. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya zo ya nuna cewa gari guda ake buƙata a wasa: malami, mai shayi, ɗan sanda, dillaliya, mai unguwa, kuma mutane sun riƙe irin su Kamaye kamar yadda suke riƙe jarumai, ko fiye. Wasan da zai yi shekaru ana nunawa ba ya tsayuwa a kan saurayi da budurwa kaɗai. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma masu shirya irin waɗannan wasanni sun gane haka. A YouTube ma ba sai ka tafi Kano ba, ƙungiyarku za ta iya yin nata a nan, da harshenmu da unguwanninmu.

Game da abokanka da suka tafi, ka yi musu fatan alheri da zuciya ɗaya, kada ka auna tafiyarka da tasu. In ka samu dama ka je Kano ko Kaduna ko Jos ka yi aiki, ka je, akwai abin koyo a hannun manyan daraktoci. Amma ka je da abin da babu a can. Ka isa lokeshan kafin lokaci, ka zo da hularka da carbinka da sandarka, kada ka jira mai kula da sutura. Idan jarumi yana magana ka saurare shi da gaske kamar ba ka san abin da zai faɗa ba, domin edita yakan yanko fuskar mai sauraro idan ta fi ta mai magana rai. Daraktoci suna gaya wa juna sunan wanda ba ya ba su wahala, kuma ta wannan hanyar aiki yake zuwa wa irinmu.

Ka ce a wasanku na gaba mai unguwa aka sake ba ka. Kafin ku fara gwaji, ka je ka gaida mai unguwarku, ka nemi izinin zama a zaurensa kwana biyu ko uku. Ka zauna daga can gefe kusa da takalma. Ka lura da wanda yake fara kallo idan masu ƙara biyu suka shigo, da abin da hannunsa yake yi lokacin da ake masa ƙarya. Abu ɗaya za ka ɗauko. In kun sa ranar wasan ka aiko mini, zan zo in zauna a kujerar ƙarshe in ji ko muryarka tana isowa.